Kurakuran da aka fi yi wajen gane masu-gashin ruwan gishiri da raɗa musu suna

Wata ɗaliba 'yar Zariya da ke zaune wurin yayarta a Agege ta shigo ɗakin gwaji da sassafe, bakinta har kunne, ta ajiye mini takarda a kan tebur. "Malam, na samu. Kashi 99 cikin ɗari." Ashe DNA ɗin wata halitta da ta tsamo daga ruwan Makoko ta aika aka karanto mata, ta zuba jerin haruffan a manhajar BLAST mai kwatanta su da na sauran halittu, kwamfuta ta miƙo mata suna. Na ce madalla, ina gilashin da kika rina halittar a kai don a ga siffarta? Ta ce ba ta kai ga rini ba. Hotonta tana raye fa? Akwai guda ɗaya a waya, ya yi dishi-dishi. Kwalbar fa? An zubar tun makon jiya, wai ta fara wari. Na ce mata, "To ke yanzu suna ne a hannunki, mai sunan ta tafi."

Halittun da muke magana a kansu su ne masana ke kira Ciliophora, mu kuwa a ɗakinmu masu-gashi muke ce musu, saboda gajerun gashin da suke kaɗawa su yi iyo, su kuma koro abinci zuwa baki. Kowace ɗaya ƙwayar halitta guda ce tak, amma ta wuce raini: tana da baki, tana da mafitar kashi, tana da cibiya, wato ma'ajiyar DNA, iri biyu, babba mai tafiyar da harkar yau da kullum, da ƙarama mai ajiye gado. Yawancinsu tsakanin maikuromita 20 zuwa 200 suke, maikuromita kuwa kashi ɗaya ne cikin dubu na milimita. An bayyana nau'i wajen 8,000, kuma a 2008 Denis Lynn ya kasa su aji 11. Sunan kowane nau'i kalmomi biyu ne na Latin, ta farko sunan gida, ta biyu sunan yanka. Kada kuma a ɗauka aikin ƙawa ne. A 2022 bushiyar teku ta yi ta mutuwa a yankin Karebiyan, da aka bi diddigi sai aka tarar wata mai-gashi ce daga dangin Philaster ta yi ɓarnar. Da ba a gane ta ba, da har yau ana lalube.

Tun a bakin ruwa

Kuskuren farko kafin a kai ga madubin ƙara girma ake yinsa. Mutum ya ɗebo ruwa a ƙarƙashin gadar Third Mainland a watan Yuli ya rubuta "ruwan teku" a jikin kwalba. Ina tekun yake? Ruwan teku na ainihi yana ɗauke da gishiri kamar giram 35 a kowace lita. Tafkin Legas kuwa yanayi ke juya shi. Da damina kogin Ogun da sauran ƙoramu suna kwararo masa ruwan daɗi har gishirin ya kusa ɓacewa, kainuwa ta rufe wurare, da rani kuma ruwan Atilantika ya turo ta mashigar jiragen ruwa gishiri ya hau. Wuri ɗaya, mazauna daban. Don haka a auna gishirin nan take da ma'auninsa, a rubuta shi tare da rana, wuri da zafin ruwa, da fensir a jikin kwalbar, ba a ka ba.

Sai zancen hanya. Wanda ya ɗebo ruwa a Epe ko Badagry, ya cika kwalba maƙil ya toshe, ya shiga danfo, goslo ya riƙe shi awa huɗu cikin rana, abin da zai sauke ba shi ya ɗauko ba. Masu laushin jiki sun mutu, masu cin bakteriya irin su Uronema sun samu gari. Bayan kwana uku su za ka gani sun cika kwalba, ka ɗauka su ne masu wurin. A bar kwalba rabi don iska, a sa ta a kula mai sanyi kaɗan ba tare da ta taɓa ƙanƙara ba, a kuma duba a ranar, ko da dare ya yi.

Ganin ido tana raye

Yaran yanzu suna gaggawar tsallake wannan mataki, suna ganin tsohon yayi ne. Alfred Kahl malamin makaranta ne a Hambag ta Jamus, kuma tsakanin 1930 da 1935 ya fitar da aikin da har yau ake komawa gare shi, kusan duka daga kallon halittu suna raye ya zana. Akwai abubuwan da in ƙwaya ta mutu sun tafi ke nan: launinta, yadda take iyo, ko tana lanƙwasa, inda jakar fitar da ruwa take, ƙananan ɗigo-ɗigon da ke ƙarƙashin fata.

Ɗauki masu kama da ƙararrawa da ke liƙe a jikin katakon kwalekwale da saiwar kainuwa. A mace duk kusan ɗaya suke. A raye, ka ɗan ƙwanƙwasa tebur ka gani. In guda ɗaya ce a kan tsinkenta kuma tsinken ya naɗe kamar sifirin, gidan Vorticella ne. In gungu ne masu rassa, suka tsuke gaba ɗaya lokaci guda, Zoothamnium ne, don zaren tsukewarsu a haɗe yake. In kowace tana iya tsukewa ita kaɗai, Carchesium ne. In tsinken bai motsa ba sam, sai kawunan, ka nufi Epistylis. Wanda ya zuba maganin kashewa tun farko ya rufe wa kansa wannan ƙofa.

Abu biyu ke ɓata awo a nan. Na ɗaya, danne ƙwaya da murfin gilashi: ruwa na ƙafewa, murfi na sauka, ƙwaya na bajewa kamar waina, sai ka auna faɗin da ba nata ba. Ka ɗiga man basilin kaɗan a kusurwoyi huɗu na murfin ya zama masa ƙafafu. Na biyu, auna wadda aka jiƙa a ruwan aidin na Lugol. Lugol yana da kyau wajen ƙirga yawan halittu a ruwa, amma yana tsuke jiki yana kuma rufe abin da ke ciki. In ka ba da awo, ka faɗi na mai rai ne ko na rinanniya.

Kama da wane ba ta wane

A nan ne manya ma suka sha faɗuwa, don haka babu abin kunya. Masu kiwon tarwaɗa sun san cutar farin ɗigo da ke fesowa a fatar kifi. A ruwan daɗi wata mai-gashi ce ke kawo ta, Ichthyophthirius multifiliis. A ruwan gishiri ma akwai irin wannan cuta, mai kawo ta Cryptocaryon irritans. Alamun iri ɗaya, yadda suke shiga fata su ƙoshi su faɗo su rarrabu iri ɗaya, shi ya sa aka shekara da shekaru ana ɗaukarsu 'yan ɗaki ɗaya. Da aka karanta ƙwayar gadonsu ta 18S, wato yankin DNA da aka fi amfani da shi wajen gano dangantaka, sai ga shi ko aji ba su haɗa ba, har a 2002 Wright da Colorni suka mayar da ta ruwan gishirin cikin ajin Prostomatea. Sana'a ɗaya ce ta ba su kama, kamar yadda za ka ga mahauta biyu a Agege da wuƙa iri ɗaya da riga iri ɗaya, ɗaya Bakatsine ɗaya Bayarabe.

Akasin haka ma yana faruwa, kuma shi ya fi cin mu a nan Legas, domin duk wanda ya ja ragar tace ruwa a tafki zai kamo su: masu-ƙoƙo, waɗanda masana ke kira Tintinnida. Kowace tana gina wa kanta wani ƙoƙo mai kama da tulu ko kofi ko ƙaho ta zauna ciki. Ƙoƙon ba ya ruɓewa da wuri, ga shi da kyan zane, ita kuwa mai ƙoƙon da an taɓa ta sai ta fice ko ta fashe. Sai aka mayar da ƙoƙo shi ne shaida. Kofoid da Campbell, a manyan ayyukansu na 1929 da 1939, kusan duk ƙoƙon da ya ɗan bambanta sun ba shi suna, yau sunayen sun haura dubu. A 1981 Michèle Laval-Peuto, a gaɓar tekun Faransa, ta yi kiwon Favella ehrenbergii a ɗakin gwaji, ta ga nau'in nan guda yana gina ƙoƙo iri daban-daban, har da wani mai naɗi-naɗi da tuntuni aka ba shi gida na kansa da sunan Coxliella. Wato an yi wa mutum ɗaya suna biyu don ya canza hula.

To me za a yi? Ba a ce a watsar da ƙoƙo ba. A auna faɗin bakinsa, don ya fi tsawonsa tsayawa wuri ɗaya. A ɗauki hoton ƙoƙon da ƙwayar tana ciki, sannan a ciri DNA daga wannan ƙwayar da aka ɗauka hoto, ba maƙwabciyarta ba. Wanda kuma ƙoƙo kawai ya gani fanko, ya rubuta cewa ƙoƙo ya gani.

Rinin azurfa

Abin da ke raba nau'i da nau'i a zahiri shi ne tsarin tushen gashi: layuka nawa ne, daga ina suka tashi, yaya suka kewaye baki. Ba a ganin wannan sosai sai an rina da azurfa. Hanyar Chatton da Lwoff ta 1930 tana fito da zanen raga da ke kan fata. Wannan Lwoff ɗin shi ne ya zo ya ci kyautar Nobel a 1965, a kan wani aiki daban. Hanyar furotagol kuma, wani gari mai ɗauke da azurfa, wadda Norbert Wilbert ya gyara a 1975, tana fito da tushen gashi da cibiyoyi baƙi ƙirin a kan jiki mai haske. Garin furotagol mai kyau ya yi wuya a kasuwa bayan an daina sarrafa shi, sai a 2013 Pan da Bourland da Song suka wallafa yadda za a haɗa shi a ɗakin gwaji. Song ɗin nan na Jami'ar Nazarin Teku da ke Qingdao ne a ƙasar Sin, inda kaso mai yawa na bayanin masu-gashin teku na zamanin nan ya fito.

Kuskuren da aka fi yi a nan shi ne ƙirga ƙwaya biyu ko uku a yanke hukunci. Adadin layuka yana ɗan hawa da sauka ko a cikin 'ya'yan uwa ɗaya. Ka ƙirga ashirin ko kusa da haka, ka ba da mafi ƙaranci da mafi yawa da matsakaici. Ka kuma ware waɗanda ke shirin rabuwa biyu, don su sun fara gina baki na biyu da sababbin gashi, in ka cusa su cikin lissafi za su lalata shi. Kada dai ka yar da su: yadda baki ke tsirowa lokacin rabuwa shaida ce mai ƙarfi ta dangantaka. Sannan gishiri da azurfa ba sa ga-maciji, suna haɗuwa sai gilashi ya yi hazo. Bayan an kashe ƙwayoyin da maganin Bouin, a wanke su da tsabtataccen ruwa sosai kafin rini. Bayan an kashe na ce. Mai rai in ta faɗa ruwan da babu gishiri kumbura take ta fashe.

Gilashi na wata, DNA na wata

Wannan shi ne uban kurakurai, kuma ni ma ya ci ni. Shekarun baya na samu Euplotes a ruwan da na ɗebo wajen Tarkwa Bay, irin masu tafiya a kan dunƙulallun gashi kamar ƙafafu. Na zuba ruwan a faranti, na jefa ƙwayar shinkafa don bakteriya su yaɗu, cikin mako guda faranti ya cika. Na ɗebi wasu na rina, na ƙirga ƙafafun gaba da ciki goma, zanen baya mai layi ɗaya-ɗaya, na ce Euplotes vannus ne ko ɗan'uwansa na kusa. Na ɗebi wasu daga farantin na aika. Da sakamako ya dawo, sai ya faɗa wani reshe can nesa. Na yi wata biyu ina murna a ɓoye, ina cewa na gano abin da ba a taɓa gani ba. Ranar da na sake rina farantin na ƙirga da yawa, sai ga nau'i biyu zaune tare, ɗaya ya ɗan fi ɗaya ƙanƙanta. Na rina babba, na karanta ƙarami.

Maganin abin shi ne a fara da ƙwaya ɗaya. Ka kunna fitilar sifirit, ka riƙe siririn bututun gilashi a kan harshen wutar har ya yi laushi, ka fitar da shi ka ja da sauri ya zama kamar gashi, ka karya bakin. Ka jera ɗigo biyar na ruwan wurin da ka tace da matacin maikuromita 0.22. Idonka a madubi, ka bi ƙwaya guda har ta tsaya kiwo, ka kai bakin bututu kusa, ruwa da kansa zai zuƙe ta. Ka sauke ta a ɗigo na farko, ka bar ta ta yi iyo, ka sake ɗauka da sabon bututu zuwa na biyu, haka har na biyar. Hannu zai yi rawa, za ka ɓatar da goma kafin ɗaya ta kai, in an ɗauke wuta a tsakiya kuma sai haƙuri. Wadda ta kai, ita za ka sa a faranti da shinkafarta ta hayayyafa. Daga zuriyarta za ka ɗauki hoto, daga ita za ka rina, daga ita za ka ciri DNA. Waɗanda ba sa kiwuwa, irin dogayen nan na cikin yashi, sai a ɗauki hoton kowace kafin a sa ta a bututun gwaji, a kuma faɗa a rubuce cewa ba daga uwa ɗaya suke ba.

Kada a manta da abin da ke cikinta. Mai-gashi maciyiya ce, kuma sinadaran farawa na Medlin na 1988, gajerun guntayen DNA da kowa ke amfani da su wajen ninka 18S kafin a karanta shi, ba su san mai ci da abin da aka ci ba. In ta ƙoshi da gansakuka, ana iya karanto maka gansakukar. A bar ta da yunwa na wasu awoyi a ruwa tatacce. Mesodinium rubrum, mai mayar da ruwan teku ja, ta ma fi haka rikici, don ita sace kayan sarrafa hasken rana take daga ƙananan gansakukan da ta haɗiye ta riƙe a jikinta.

Abin da kwamfuta ta ce

BLAST ba ya raɗa suna. Yana nuna maka jerin da ya fi kama da naka ne cikin abin da mutane suka zuba a rumbun GenBank, kuma sunan da ke jikin kowane jeri wanda ya zuba ne ya rubuta shi. In ya yi irin kuskurena na Tarkwa Bay bai gano ba, kai ma ka gaji kuskuren, wani kuma ya gada daga gare ka. Ka buɗe jerin ka ga ko yana da takardar da ta nuna hoto da rini. In babu, ka riƙe shi da hannu biyu-biyu. Ga kuma ruwan Afirka ta Yamma da ba a karanta nasa da yawa ba: mafi kusa da naka a rumbun yana iya zama na gaɓar Sin, don can aka fi yin aikin.

Batun kashi cikin ɗari ma akwai ruɗi. Tsawon 18S haruffa ne kamar 1,800, don haka kashi ɗaya cikin ɗari haruffa 18 ne, ba kaɗan ba ne. Ƙa'idar da wasu ke jawowa, wai in jeri biyu sun yi kama kashi 97 nau'i ɗaya ne, daga aikin bakteriya aka aro ta, ba a yanka ta don masu-gashi ba. A gidan Tetrahymena akwai nau'o'in da 18S ɗinsu bai bambanta ko da harafi ɗaya ba, sai da ƙwayar gado ta cox1 ake raba su. Tun kafin zamanin karanta DNA ma, a 1975, Tracy Sonneborn ya nuna cewa abin da ake kira Paramecium aurelia nau'i 14 ne masu kama ɗaya da ba sa haɗuwa da juna. Waɗannan na ruwan daɗi ne, amma darasin ya shafi na gishiri. In 18S ya yi shiru, a ƙara da wasu yankunan DNA, ITS da 28S, ko cox1.

Masu tace ruwa lita guda su karanta duk abin da ke ciki kuma, su daina cewa nau'in da jerinsa ya fi yawa shi ya fi yawa a ruwa. Babbar cibiyar mai-gashi tana ɗauke da kwafin ƙwayar gado ta 18S dubbai, a wasu har dubban ɗaruruwa, ƙwaya ɗaya mai girma sai ta danne ƙanana ɗari.

Bishiyar dangantaka, wadda kwamfuta ke zanawa daga jerin haruffa, ba zan daɗe a kanta ba. Ka duba jerawar haruffan da idonka kafin ka gina, ka sa 'yan gida da yawa har da nau'in da aka kafa gidan a kansa, kada kuma ka gina magana a kan reshen da lambar goyon bayansa, wato ma'aunin ƙarfin shaidarsa, ba ta kai 70 cikin ɗari ba. Masu dogon reshe irin Mesodinium suna janyo juna a bishiyar ko ba su da alaƙa.

Gaggawar cewa sabo ne

In siffa da DNA suka saɓa, zargi na farko a kanka yake: ka koma faranti. In an sake daga ƙwaya ɗaya saɓanin na nan, to a rubuta shi yadda yake, kada a danne ɗaya don a faranta wa ɗaya. Kafin ka ce sabon nau'i ne, ka karanta bayanin asali na duk 'yan gidan, har na Kahl da Jamusanci, don da yawa an bayyana su tuntuni, DNA ɗinsu ne kawai ba a karanta ba. Rashin samun abu a GenBank ba ya mayar da shi sabo. Dokar raɗa sunan dabbobi ta duniya tana son bayani a rubuce na abin da ya raba shi da saura, da ayyana samfurin da sunan ya rataya a kansa, wanda a wajenmu gilashi ne rinanne da aka zagaye ƙwayar da alama aka ajiye inda wani zai iya zuwa ya duba. Daga 2012, in a intanet kaɗai za a wallafa, sai an yi rajista a ZooBank, kundin rajistar sunayen dabbobi.

Ɗalibar nan ta koma Makoko a watan Yuli, ta biya mai kwalekwale ya kai ta daidai turakun da ta ɗebi ruwan farko. Ma'auni ya nuna gishiri ya kusa sifili, halittar kuma babu ita. Sai da ta jira Janairu. Wannan karon ta dawo da rabin kwalba a cikin kula, ta zauna har bayan isha'i tana bin ƙwaya ɗaya daga ɗigo zuwa ɗigo, ta karya bututu bakwai. Yanzu tana da gilasai shida a akwati, ƙwayoyi 23 ƙirgaggu, hotuna, da jeri biyu daga faranti guda. Na tambaye ta sunan. Ta ce, "Malam, sunan gida dai na rubuta, Euplotes. Na yankan sai na gama karanta Bajamushen nan."